Idan A-kori-kura Ta Zauna

Ranar Lahadi kasuwar Mai'adua take ci. Duk wanda ya tsaya bakin titin da ya tashi daga Daura ya nufi Kwangwalam a wannan rana zai ga motoci iri-iri, daga tirelar shanu har zuwa ƙananan motocin haya. A cikinsu ba a rasa tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot, wato Fijo, waɗanda shekaru suka cinye musu fenti amma ba su raba su da hanya ba. Wadda ta fito babu kaya a miƙe take tafiya, bayanta ma ya ɗan ɗara gabanta tsawo. Wadda aka yi wa lodi kuwa hancinta ya ɗaga sama, bayanta ya sunkuya, salansa na neman shafar kwalta. Mota ta zauna ke nan, in ji direbobi.

A kan kwalta zaman nan ba ya nuna illarsa sosai, sai dai in an zo tudun rage gudu a shigar gari, ka ji ƙarfe ya gurji ƙasa. Matsalar tana jiran motar ne inda kwalta ta ƙare. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce, Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu, kuma ƙauyuka da dama a cikinsu ba a isa gare su sai an saki titi an bi rairayi. Hanyar rairayi kuwa siffarta ɗaya ce ko'ina: sawu biyu da tayoyin mota da na amalanken shanu suka haƙa, da doro a tsakaninsu, wani lokaci da kututturen sabara ko na kalgo a ɓoye cikinsa. Kowace damina ruwa yana bin sawun nan yana ƙara masa zurfi. Tayoyi suna ƙara nutsewa, doron yana ƙara kusantar cikin motar. Abin da ke raba direba da kwanan daji shi ne 'yar ratar da ta rage tsakanin cikin motarsa da wannan doro.

A cikin motar kuwa, ta ƙasa, babu abin wasa ko ɗaya. Akwai kaskon da baƙin mai ke taruwa a gindin inji, akwai salansa, da farfela, da tankin mai, da siraran bututun birki, sannan tulun da ke tsakiyar aksil ɗin baya. In salansa ce ta bugu, ƙara ce za ta dami mutane. In kaskon baƙin mai ne ya tsage, direba yana da 'yan mintuna kawai ya ga jar wuta ya kashe mota, in ba haka ba inji ya buga, kuɗin gyaransa kuma ya fi ribar lodi da yawa a haɗe. In bututun birki ne, ba a ma fatan jin ƙarshen labarin.

Waɗanda suka ƙera motocin nan sun san da wannan. Peugeot 404 ta fito a Faransa a 1960, 504 ta biyo baya a 1968, a-kori-kurarta kuma ta zo a ƙarshen shekarun 1970. A 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, a shekarar ne kuma wata 504 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake yi a kan turɓaya da laka da duwatsu. Ba gudu ne ya sa Afirka ta rungumi Fijo ba. Cikinta a ɗage yake, sifirin ɗinta yana da wurin lanƙwasa ya dawo, kuma bakaniken ƙauye yana iya kwance ta da sifana 'yan kaɗan. Ratar nan da ke ƙarƙashinta, wadda ido ke gani tamkar fili ne kawai, da gangan aka bar ta, an kuma auna ta da nauyin da aka ce motar ta ɗauka. Nauyin bai wuce tan ɗaya da 'yar ɗoriya ba. In buhun gero kilo 100 ne, buhu goma zuwa goma sha biyu ke nan, kafin a lissafa mai kaya da yaron mota da waɗanda suka roƙi a rage musu hanya. Kowa ya san a zahiri ana wuce haka nesa ba kusa ba.

A Amurka akwai masu sauke motocinsu ƙasa da gangan, don ado. Suna neman tsofaffin a-kori-kura irin su Chevrolet C10 da Ford F-100 na shekarun 1960 da 1970, su gyara su tsaf, sannan su rage musu tsawo har su kusa kwantawa. Sukan ɗauke aksil ɗin baya daga ƙarƙashin sifirin su mayar da shi samansa, sai jikin motar ya sauko. Da ya sauko sai aksil ya fara dukan shasi, sai a yanke shasin a yi masa gurbi, a ƙarfafa gurbin da walda. Daga nan salansa ta fara gugar ƙasa, sai a canza mata hanya. Gyara ɗaya yana haifar da wani, har da yawansu suka koma sa jakunkunan iska a madadin sifirin, domin su ɗaga motar in za su hau tudu, su sauke ta in sun tsaya. Ba na ganin laifinsu. Titinsu ne da kuɗinsu, kuma sana'ar hannu ce ta gaske. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokar da jihar Kalifoniya ta kafa a 1958, wadda ta hana a sauke mota har wani sashe nata ya fi bakin ƙarfen taya kusa da ƙasa. An soke dokar daga farkon 2024, bayan an daɗe ana kukan cewa da ita ake takura wa matasa 'yan asalin Meziko. Sai dai lissafin da ke cikinta yana nan daram: in taya ta fashe ana cikin gudu, motar za ta faɗa kan ƙarfen tayar, duk abin da ya fi shi sauka kuwa zai cake a ƙasa. Wannan ma'auni yana aiki a hanyar Baure kamar yadda yake aiki a can.

Namu motocin ba wanda ya sauke su don ado. Kaya ne ya sauke su, a hankali, shekara da shekaru. Sifirin ɗin bayan a-kori-kura fallayen ƙarfe ne da aka jera, dogo a sama, gajeru a ƙasa, an lanƙwasa su, an ɗaure su da ƙusa guda a tsakiya. Kaya ya hau su miƙe, kaya ya sauka su koma yadda suke. Amma in ana yawan wuce musu iyaka, ran nan ba za su koma daidai ba, su rage kaɗan, gobe su ƙara ragewa. Mai motar da ke ganinta kullum shi ne na ƙarshen lura. Sai wanda ya daɗe bai gan ta ba ya ce, “Alhaji, ai motar nan ta zauna.” Shi kuwa ya ce haka take tun da.

Shi ya sa bakaniken kirki ba ya farawa da sifana. Zai sa a ajiye motar a wuri mai daidaito, ya duba iskar tayoyi, sannan ya auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, dama da hagu, gaba da baya. Zai so ya gan ta babu kaya, ya kuma gan ta da lodin da ta saba ɗauka, don motar da ba kaya ba ta faɗin gaskiyarta. Daga nan ya kwanta ƙarƙashinta ya nemo abin da ya fi komai kusa da ƙasa, wanda ba wuyar ganewa: shi ne ƙarfen da ya goge yana sheƙi alhali na kusa da shi duk tsatsa ne da ƙura. Sau da yawa ma abin bai kai yadda ake tsoro ba. Robar da ke rataye salansa ce ta tsinke aka ɗaure da waya, salansar ta sauko. Ko robar da inji ke zaune a kai ce ta mutu, injin ya ɗan nutse da kaskonsa. Waɗannan gyaran yini ɗaya ne. Zai kuma duba 'yar robar da ke tare aksil kada ya daki shasi. In ta murƙushe ko ta ɓace, shaida ce cewa sifirin ya daɗe yana ƙurewa.

Akwai abu biyu da masu mota ke yawan ruɗewa a kansu, kuma ruɗanin yana cin kuɗi. Na farko, shokazoba ba ta ɗaukar kaya. Aikinta ta hana mota yin ta tsalle bayan ta faɗa rami. Sifirin ne ke riƙe nauyi, don haka wanda motarsa ta zauna ya je ya sayi sababbin shokazoba zai dawo ya tarar da ita inda ya bar ta. Na biyu, ratar ba ɗaya ba ce, biyu ce. Inji da salansa da tanki suna rataye ne a jikin shasi, in sifirin ya ɗaga su ma sun ɗaga. Tulun aksil ɗin baya kuwa a kan tayoyi yake zaune, ko sifirin nawa aka ƙara ba zai motsa ba. Girman taya ne kaɗai ke ɗaga shi, shi ma da rabi: in tsawon taya ya ƙaru da santimita 4, aksil santimita 2 zai tashi. Babbar taya kuma tana zuwa da nata, tana rage wa mota ƙarfin tashi, tana sa allon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya, tana iya gugar bodi in an sha kwana da kaya. Haka nan direban da ya rage iskar taya don kada ya kafe a rairayi ya yi dabara mai kyau, amma ya tuna ya sayi rashin kafewar ne da wani yanki na ratarsa, kuma dole ya mayar da iskar da zarar ya hau kwalta.

Gyaran sifirin kansa hawa-hawa ne. Mafi inganci a canza fallayen da suka gaji ko suka karye, kuma a yi wa ɓangarorin biyu tare, don in aka gyara dama aka bar hagu motar za ta riƙa tafiya a karkace. Ƙasa da wannan, a kwance fallayen a kai wa wanda ya iya ya bubbuga su da guduma, falle-falle, har lanƙwasar ta dawo. Yana yi, sai dai ƙarfen da ya taɓa gajiya ba ya daɗewa bai sake kwantawa ba. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a gasa falle da wuta don ya yi saurin lanƙwasa, ko a haɗa karyayye da walda. Ƙarfen sifirin a masana'anta aka ba shi taurinsa da zafi na musamman. Wutar mai walda tana kashe wannan tauri, kuma ba a gareji fallen zai sake karyewa ba, sai a tsakiyar hanya da lodi. Wasu kuma su ƙara tsawon maratayin sifirin ko su cusa guntun ƙarfe don bodi ya ɗaga. Ido zai ga mota ta miƙe, amma farfela ta bar kusurwar da aka yi ta a kai, sai karkarwa ta shigo, sai kuros ya fara cinyewa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Farantin ƙarfe da ake sawa a ƙarƙashin inji don kare kasko kuwa abu ne mai amfani, muddin an bar masa hanyar iska da ta juye baƙin mai, an kuma san shi ma ya ci ɗan wani abu daga ratar.

Gyaran da ya fi farin jini a tasha shi ne ƙarin falle. “Oga, a ƙara mini biyu a kowane gefe,” in ji direba. Aka ƙara, aka ɗaure, aka yi lodin da ya saba zaunar da motar, sai ga ta a tsaye ƙyam. Kowa ya yaba. Falle guda na taimako ga motar da ke aikin kaya kullum ba laifi ba ne, masu ƙera motoci ma suna sa irinsa. Amma a nan ne nake so mai karatu ya dakata. Ƙarin falle bai ƙara wa birki ƙarfi ba. Bai ƙara wa taya kauri ba, bai ƙara wa aksil ko boris ko shasi komai ba. Duk waɗannan suna nan a kan lissafin tan ɗaya da ɗoriya na ranar da aka ƙera motar. Abin da ya canza guda ɗaya ne: motar ta daina nuna cewa kaya ya yi mata yawa. Da can yaron mota yana ɗora buhu yana kallon bayanta, in ya ga ta kusa ƙurewa ya ce, “Maigida, ta isa haka.” Yanzu babu abin da zai gani, sai a ƙara buhu biyar. Dukan da sifirin mai laushi yake shanyewa a gargada kuma yanzu shasi yake kaiwa kai tsaye, ya fara tsagewa a inda ba mai leƙawa. Ranar da abin zai bayyana, ba gugar salansa za a ji ba. Taya ce za ta fashe, ko aksil ya karye, ko a taka birki a shigar kasuwa motar ta ƙi tsayawa.

Jiki magayi, in ji Hausawa, kuma zaman mota maganarta ce. Na daɗe ina ganin irin wannan a gidajenmu, shi ya sa batun yake taɓa ni. Kusan kowane babban gida a ƙasar Daura yana da mutum guda da komai ke hawa kansa. Wani lokaci babban wa ne da ke aiki a Kano ko Abuja, wanda wayarsa ke ƙara in an kai wani asibiti, in an koro yaro kan kuɗin makaranta, in taki ya yi tsada, in za a yi kayan ɗakin ƙanwa. Wani lokaci uwargida ce, mai tashi kafin asuba ta kwanta bayan kowa, ga 'ya'yanta, ga marayun da aka kawo mata, ga tsohuwa da ke kwance a ɗaki. Wani lokaci yarinya ce da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, da goyo a baya da tallar da gidan ke jira. Irin waɗannan mutane ba sa faɗuwa rana ɗaya. Suna raguwa ne a hankali, fara'a ta ragu, barci ya ragu, hawan jini ya shigo, na gida kuma su ne na ƙarshen lura, domin kullum suna ganinsu.

In alamar ta fito, me muke yi? Mukan ce, “Yaya, sai haƙuri, kai ne babba.” Mukan ce, “Inna ai ba ta gajiya.” Mukan yabe su a gaban mutane, mu ce gidan nan ba don wane ba da ya watse. Haƙuri abu ne mai daraja, yabo kuma hakkinsu ne, ba na ja da wannan. Amma yabon da ba a rage kaya tare da shi ba, abin da yake koya wa mutum shi ne ya daina nuna gajiya. Sai ya miƙe, ya yi murmushi, ya ci bashi a ɓoye don kada a ce ya kasa, mu kuma mu ga yana tsaye mu ƙara masa. Zuciyarsa da ƙodarsa da albashinsa suna nan yadda Allah Ya yi su. Ɗan abin da ya kamata ya rage masa, na kuɗi da na ƙarfi da na lokaci, wanda zai tsallake da shi ranar da hanya ta ɓaci, mun riga mun loda a kai, domin a idonmu fili ne da ba a amfani da shi. In ya faɗi sai a ce abin ya zo farat ɗaya. Na fi son gidan da ƙannai za su zauna tun yayansu yana da lafiya, wannan ya ce kuɗin makarantar su wane a kaina, wancan ya ce maganin Baba na wata-wata nawa ne, ba tare da sun jira ya buɗe baki ba, don mai kunya ba zai buɗe ba.

Ban ce direban da ke wuce ƙima mugu ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man kowane sawu ya tashi sosai. Rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun taɓa duk mai cin abinci a hanyar Kwangwalam da Babban Mutum. Ga balas da mai mota ke jira da yamma, ga kamasho, ga mai kaya da zai koma wurin wani in aka ce masa buhunansa sun yi yawa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba wa'azi yake buƙata ba, kuma nauyin ba nasa ne shi kaɗai ba: mai motar da ke karɓar balas bai ware na sifirin da taya ba, da ɗan kasuwar da ke matsa a ɗauke masa komai a sawu guda, duk suna da hannu.

Duk da haka akwai abin da ke hannun direba wanda ba ya cin ko kwabo. Kaya mai nauyi ya zauna a gaban aksil, kusa da kan mota, marar nauyi ya koma baya. Buhunan da ake jerawa a kan murfin baya da aka sauke sun fi kowane kaya illa, domin suna danne baya suna ɗaga gaba, sitiyari ya yi sako-sako, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, fitila kuma ta riƙa haske idon mai tahowa maimakon hanya. A rairayi, in sawu ya yi zurfi, gara a ɗora tayoyin gefe guda a kan doron da a bar shi ya bi tsakiyar cikin motar. Tudun rage gudu da bakin kwalbati a hau su a hankali, a ɗan karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, domin motar da ta zo da gudu sifirin ɗinta yana ƙara nutsewa daidai lokacin da ake buƙatar ratar. In wurin ya yi muni, fasinja su sauka su taka 'yan taku, su hau a gaba.

Sannan wanda ya yi sabon gyaran sifirin ya koma gareji bayan mako guda na aiki. Fallayen da aka jera suna zama a jikin juna in sun ɗauki kaya, sai ƙusoshin da suka ɗaure su da aksil su saki. In ba a sake ɗaure su ba, aksil yana wasa, ƙusar tsakiya ta karye, motar ta fara tafiya bayanta na leƙen gefe. Ɗaurin bai wuce aikin 'yan mintuna ba, kuma yawancin makanikai ba sa karɓar komai a kansa in su suka yi gyaran.